Murhun itace da bango: tazarar nawa za a bari, kuma kwanon da ake bugawa yana tare wuta kuwa?

Tun da hunturu ya kunno kai maganar nan take ta dawowa a majalisarmu ta ƙofar masallaci bayan isha'i. Wai idan mutum ya kafa murhun ƙarfe irin mai bututun hayaƙi ɗin nan a madafa, dole ne sai ya janye shi daga bango, ko kuwa ya buga falle ɗaya na kwano a bayansa shikenan an gama? Ɓangare ɗaya suna cewa ai bangon ƙasa ba ya cin wuta, iyayenmu a gindin bango suka yi ta girki har suka tsufa babu wanda ya taɓa ɗauko tef ya auna. Ɗaya ɓangaren kuma su ce a'a, a sa kwano dai, in an sa kwano ko jingina murhun aka yi da zana ba komai. Ni kuwa na ce duka biyun akwai inda suka yi daidai, akwai kuma inda in an bi su za a kwana a waje, kuma maganar kwanon ce ta fi ba ni tsoro saboda ita ce mai kama da dabara.

Dalilin da ya sa zancen ya yi zafi bana ba ɓoyayye ba ne. Tun 2023 da aka cire tallafin fetur naira kuma ta faɗi, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gidajen da suka fara sabawa da ƙaramar tukunyar gas da yawansu sun koma itace da gawayi da kara. Masu walda kuma ba su yi barci ba, ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis za ka ga murhuna kala-kala, na yankakken durom, na faifan ƙarfe, wani da ƙofa da ƙafafu har da bututu. Abu ne mai kyau, yana rage cin itace yana fitar da hayaƙi waje. Matsalar kawai ana sayar da murhun ne ba tare da an gaya wa mai saye inda zai ajiye shi ba.

Wane irin murhu ake nufi

Ba murhun duwatsu uku na tsakar gida nake nufi ba, duk da shi ma yana da nasa. Ina maganar murhun da wuta take rufe a cikin akwatin ƙarfe ko ginin bulo, hayaƙi yana fita ta bututu, wanda ake kafawa wuri ɗaya a bar shi: na madafar gida mai mutane da yawa, na masu dafa wa almajirai, na mai shayi da mai ƙosai da suka yi rumfa, tandar gidan burodi, da wanda wasu suke sawa a ɗakin 'yan tsaki don ɗumi. Ƙananan murhunan zamani masu tsimin itace irin su Save80 waɗanda ake ɗauka a matsar, nasu da sauƙi, amma su ma ba a jingina su da zana.

Bambancin shi ne wutar murhun duwatsu kana ganinta, in ta yi yawa ka janye itace, an sauke tuwo a yayyafa ruwa. Shi kuwa na ƙarfe ba ka ganin harshen wuta sai ka ɗauka lafiya lau, alhali jikinsa kan kai digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin salshiyos, wani lokaci har ya wuce in an cika shi da busasshen itace, ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa. Kuma yana daɗewa da zafin bayan an gama.

Zafi ta hanya uku yake tafiya

In ba a gane wannan ba duk sauran bayanin zai zama haddar lamba ne kawai.

Na farko zafin da yake bin jikin abu. Ka bar ludayin ƙarfe a cikin miya ka dawo ka kama ka ji, amma muciya ko ta kwana a tukunya mariƙinta ba ya ƙona hannu. Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri, katako yana riƙe shi a wuri ɗaya. Na biyu zafin da iska take ɗauka, iska in ta yi zafi sama take yi, shi ya sa kunkunniya a rufin madafa take taruwa ba a ƙasa ba. Na uku kuma shi ne hucin wuta, wanda yake dukanka daga nesa ba tare da ka taɓa komai ba. Duk wanda ya taɓa zama jin ɗumi da asuba ya san shi, gabanka kamar zai toye bayanka kuma sanyi na cinsa, wani yaro ya gifta tsakaninka da wutar nan take ka ji sanyi ya buge ka. Wannan hucin a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, duk abin da ya tarar a gabansa shi zai dafa, kuma yana raguwa sosai da nisa, ja da baya taku ɗaya ba ƙaramin sauƙi yake kawowa ba.

Murhun ƙarfe da huci yake cutar bango. Saboda haka maganinsa biyu ne, ko a ba shi nisa, ko a sa wani abu a tsakani ya zama kamar yaron nan da ya gifta. Amma fa yaron ba manne yake da jikinka ba, ku riƙe wannan za mu dawo kansa.

Gobarar da take dahuwa a hankali

Abin da mutane suka fi kasa yarda da shi ke nan. Za ka ji mutum ya ce ai shekara biyu murhun nan yana wurin ba abin da ya faru. To ai shekara biyun ita ce matsalar.

Lafiyayyen katako sai zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 kafin ya kama. Amma katakon da ake gasawa kullum, safe da yamma, wata da watanni, ruwan jikinsa yana ƙafewa, yana canzawa a hankali daga ciki har ya koma kusan gawayi. Kowa kuma ya san gawayi ba ya buƙatar lallashi. Masu binciken gobara a ƙasashen sanyi sun daɗe da gano gine-ginen da suka kama saboda bututun tururin ruwan zafi da yake jingine da katako shekara da shekaru, zafin da bai fi na tafasar ruwa da wani abin kirki ba. Wato ranar da gidan zai kama ba lallai a ce an hura wata babbar wuta ba, wutar jiya ce irin ta shekaranjiya, katakon ne dai ya gama nuna. Shi ya sa ake yawan jin an ce wallahi mun kashe wuta kafin mu kwanta, ba mu san daga ina ta tashi ba, sai a ɗora wa aljanu ko kishiya ko maƙwabci.

Na ga wannan da idona a gidan kawuna. Madafarsu ta kwano ce da aka buga a kan katako, gefe ɗaya falanki, ya sa aka yi masa murhun durom saboda gidan mutum kusan talatin ne. Yaron da ya yi waldar ya ce masa, Baba kar ka damu a buga kwano a jikin falankin kawai, aka buga, aka matsa murhun har hannu ba ya shiga baya. Bayan damina biyu na je gaisuwa Inna take ce min, ni dai ɗan nan wani ƙauri nake ji a madafar nan ko ba a girki, kamar an bar tsumma a garwashi. Na ce Kawu a ba ni izini in ɓamɓare kwanon nan in gani. Ya ce kai dai da ƙaƙale, ɓamɓare. Da muka cire ƙusoshin, falankin baya baƙi ƙirin, na sa farce sai ga shi yana marmashewa kamar gawayin guga, kewayen kowace ƙusa kuma ya fi ko'ina ci. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ce a kira yara su ja murhun.

Daga ina alƙaluman suke

Mu a nan babu wani jami'i da yake zuwa ƙauye ya duba yadda aka kafa murhu, saboda haka awon da aka fi dogara da shi na ƙasashen da murhun itace yake ɗumama musu gida duk lokacin sanyi ne. A Amurka akwai ƙungiyar kare gobara mai suna NFPA, tana da ƙa'ida mai lamba 211 a kan murhuna da bututan hayaƙi. Abin da ta tanada ga murhun da ba a gwada shi a masana'anta ba shi ne inci 36 tsakaninsa da duk abin da wuta za ta iya ci, gefe da baya, wato ƙafa 3, santimita 91 ke nan. Bututun hayaƙi mai falle ɗaya kuma inci 18, wajen santimita 46.

Murhun kamfani da aka gwada yakan zo da tambari a jikinsa an rubuta tazarar da yake buƙata, sau da yawa ba ta kai inci 36 ba saboda an yi masa garkuwa tun daga can, in ka samu irinsa bi abin da aka rubuta. Na mai waldar garinku kuwa babu wanda ya gwada shi, ba raini ba ne, haka abin yake, don haka babbar lambar ita ce tasa.

Wanda ba shi da tef ga hanya mai sauƙi. Bulon siminti da muke gini da shi, ko mai inci 9 ko mai inci 6, tsawonsa inci 18 ne. Ka jera biyu ta tsawonsu baki da baki tsakanin murhu da bango, inci 36 ke nan. Bulo ɗaya kuma shi ne awon bututu. Ko ka yanki igiya tsawon bulo biyu, ka dafa bakinta a jikin murhun ka zagaya da ɗaya bakin, sama da gefe da baya, duk abin da igiyar ta taɓo in mai cin wuta ne ya yi kusa.

Akwai masu cewa wannan awon na Turawa ne masu gidajen katako da suke barin wuta ta kwana tana ci, mu girki kawai muke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ku dubi namu yanayin, a hunturu iska bushe take ƙayau, zana da kara da shuci sun fi katakon Bature saurin kamawa nesa ba kusa ba, ga iska mai kwasar tartsatsi, ga shi motar kashe gobara kafin ta taso daga Dutse ko Haɗeja ko Gumel ta iso ƙauyen da ke bayan rairayi ai sai dai ta tarar da toka. Kuma wutar gidan burodi ko ta ruwan wankan jego da ake hurawa safe da yamma kwana 40 a wuri ɗaya ba ƙaramar wuta ba ce. Ni a ganina mu ne ma ya kamata mu ƙara a kan lambar.

Kwanon da aka manna da kwanon da aka ɗaga

Ga inda rigimar take. Kwanon da aka buga shi manne da katako ko zana kusan bai tare komai ba. Ludayin nan ne na cikin miya, huci ya dake shi, shi kuma ya miƙa wa katakon da yake manne da shi, ƙusoshin ma su zama hanya har cikin tsakiyar katakon. Abin da ya ƙara kawai shi ne ya rufe maka ido, ba za ka ga katakon yana baƙi ba balle ka farga. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Haka tayil da aka liƙa a kan falanki, haka siminti da aka shafe a kan zana.

Garkuwa ta gaskiya kwano ne da aka ɗaga shi daga bango da aƙalla inci 1, santimita biyu da rabi, faɗin babban yatsa da ɗan ɗori, aka bar ƙasansa a buɗe kamar inci 1 daga daɓe, samansa ma a buɗe. Abin da yake faruwa shi ne kwanon ya ɗauki huci ya yi zafi, iskar da ke bayansa ta ɗumama ta yi sama ta fice, sabuwa mai sanyi ta shigo ta ƙasa, haka za ta yi ta zagayawa muddin wuta na ci, ba fanka ba lantarki. Iskar ce take aikin, kwanon inuwa kawai yake yi. Duk wanda ya toshe ƙasan da yashi ko ya bari toka da shara suka cike wurin, ko ya ɗora katako a saman don ajiye kwanuka, ya kashe garkuwar ko da ita ce mafi tsada a kasuwa.

A waccan ƙa'ida ta Amurka irin wannan garkuwar tana rage tazara da kashi 66 cikin 100, daga inci 36 zuwa inci 12, kuma inci 12 ɗin shi ne ƙarshe, ba a sauka ƙasa da shi komai kyan garkuwar. Ana aunawa ne daga jikin murhu zuwa ainihin bangon mai cin wuta, ba zuwa fuskar kwanon ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki in na faɗa shi ne ginin bulo mai kaurin inci uku da rabi da aka yi shi manne da bangon katako kashi 33 kawai yake ragewa, wato ya tsaya a inci 24. Siririn ƙarfe mai iska a baya ya ninka ginin bulo marar iska. In kuwa aka bar wa bulon inci 1 a baya tare da ƙofofin iska sama da ƙasa, shi ma sai ya kai 66 ɗin.

Kaurin ƙarfen da suka ambata geji 24 ne, kusan milimita 0.6. Kwanon rufi mai arha da ake sayarwa yanzu, wanda yaro zai iya naɗe shi kamar tabarma, bai kai nan ba, yana lanƙwashewa in ya ji zafi ya koma ya taɓa bango. Gara a nemi faifan ƙarfe mai ɗan kauri wajen masu walda, ko a saro daga Ƙofar Ruwa in an shiga Kano. Abin da za a ɗaga shi da shi kuma kar ya zama katako, na sha ganin an sa guntun katako a baya wai don a samu ratar, to ai an mayar da abin da ake gudu. Guntayen fayif na ƙarfe da aka yanka inci ɗaya-ɗaya a zura ƙusa ko noti ta ciki sun isa, kuma a buga su ta gefe-gefe, kar a sa ko ɗaya daidai saitin tsakiyar murhun inda zafi ya fi yawa. Faɗinsa kuwa igiyar nan ce za ta gaya maka, duk inda ta taɓo a bango sai garkuwa ta rufe shi, ba ɗan falle daidai girman murhu ba.

Wani abu a gefe, don Allah a bar tsohon silin asbesto. Na san ba ya cin wuta kuma ana samunsa a ɓaraguzan tsofaffin makarantu, amma ƙurarsa in an yanka ko an fasa tana shiga huhu ta zauna, tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Masu cewa bangon ƙasa ba ya ƙonewa

Sun yi gaskiya. Bangon tubali da jar ƙasa zalla ba ya kamawa, bulon siminti ma haka, kuma awon inci 36 ɗin daga abin da wuta ke ci ake yinsa, ba daga kowane bango ba. Wanda madafarsa ginin ƙasa ce mai kauri yana da rangwame babba, kakanni ba wawaye ba ne.

Sai dai ka tsaya a madafar taku ka duba da kyau. Azarar da aka ɗora rufi a kai bakinta a cikin bangon yake. Katakon saman ƙofa da na taga suna ciki. Turakun da aka kafa don rataye ragaya da faifai da matankaɗi na itace ne. A gidan bulo kuma wayar lantarki tana bi ta cikin bango a cikin fayif na roba, roba kuwa ba ta buƙatar harshen wuta kafin ta narke, ga silin roba da ya zama yayi yanzu har a ƙauye, wanda in ya ji zafi ɗiga yake yi da wuta a jikinsa. Sannan bango yana shan zafi ya fitar ta baya, bangon bulo mai inci 6 da murhu ke jingine da shi awa biyar ka zagaya ka dafa bayansa ka ji. Me ke bayan? A yawancin gidajenmu bayan madafa nan ake jingine kara, nan ake tara harawa da ƙaiƙayi bayan kaka, wani gidan ma katifar yara ce a ɗaya ɗakin manne da wannan bangon. Ga tsagewa, zafi da sanyi kullum suna fasa shafe, in bango ya tsage kuma ba ƙadangare kaɗai ke samun wurin shiga ba.

Saboda haka ko bangon ƙasa ne ni shawarata a bar aƙalla faɗin tafin hannu biyu, iska ta samu hanya, tsintsiya ma ta shiga.

Bututu, inda aka fi yin ganganci

Mutum zai ja murhu tsakiyar ɗaki yadda ya kamata, sannan ya huda rufi daidai faɗin bututu ya zura shi yana gogar rafta. Duk wahalar ta tashi a banza. Bututu mai falle ɗaya inci 18 yake so daga katako ta kowane gefe, in an yi masa irin garkuwar nan mai iska a baya zai iya sauka zuwa inci 6 a gefen bango, inci 9 a ƙarƙashin silin, saboda sama zafi ya fi taruwa. Inda zai ratsa rufi a yanke duk katako da silin da ke cikin wannan tazarar, a rufe gurbin da faifan ƙarfe. A ƙasashen da abin ya zauna akwai bututu mai riɓi biyu da abin tare zafi a tsakiya, shi inci 2 kawai yake buƙata, amma ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba. Wanda ya fi sauƙi a wurinmu shi ne a fitar da bututun ta bangon ƙasa ko na bulo nesa da azara, sannan a miƙe da shi sama ta waje. Rufin shuci ko jinka kuwa kar ma a fara, babu dabarar da zan iya ba mutum in kwana da kwanciyar hankali.

Tsawonsa ma da ƙa'ida: ya ɗara inda ya fito a rufi da ƙafa 3, kuma ya fi duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa 10 tsawo da ƙafa 2. Gajeren bututu ba ya jan hayaƙi sosai, kuma tartsatsinsa a kan rumbun maƙwabci yake sauka.

Sai dattin ciki. Ɗanyen itace da wutar da aka danne tana cin hayaƙi suna tara wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta a cikin bututu, shi kansa makamashi ne, ranar da ya kama za ka ji bututun yana ruri ya yi ja, zafinsa yana iya haura digiri 1,000. A irin wannan ranar ce inci 18 ɗin nan take biyan kuɗinta. A riƙa sauke bututu ana kankare shi, a ƙona busasshen itace, leda da roba da tsohon takalmi kuma a daina cusa su a murhu.

Ƙasa da gaban murhu

Daɓe da siminti ba sa ci, nan mun huta. Abin lura shi ne ledar ɗaki da tabarma da buhunan da ake shimfiɗawa a zauna. A bar inci 18 a gaban ƙofar murhu babu komai sai ƙasa ko ƙarfe, bulo ɗaya ke nan, don garwashi yana faɗowa in an buɗe. Itacen gobe ma kar a jera shi a jikin murhu wai ya bushe, shi ma tazarar bulo biyu ta hau kansa, haka wankin yara da ake shanyawa a sama da damina.

Masu kaji da masu rufe ƙofa

Ɗakin 'yan tsaki ya haɗa duk abin da ake tsoro wuri ɗaya, diddigar katako ko ɓuntun shinkafa a ƙasa, buhu da leda an zagaye tagogi don sanyi, wuta tana ci dare har asuba, mai gadin kuma yaro ne da barci zai ɗauke. A ɗora murhun ko kurfoti a kan bulo da faifan ƙarfe, a share diddigar daga kewayensa, a ɗaure labulen buhun yadda iska ba za ta kaɗo shi ba.

Sannan akwai abin da tazara ba ta magani. Itace ko gawayi in suna ci a ɗakin da iska ba ta shiga suna fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya ma farkawa. Kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga a toshe kafofi da tsumma, shi ne hanyarta. Bututu yana taimakawa in bai toshe ba kuma mahaɗansa ba sa yoyo, amma duk da haka sai an bar kafar da iska za ta shigo. Ban da wannan ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Don haka ba cewa nake a bar murhu mai bututu a koma duwatsu uku a ɗaki ba, ko kusa.

Wanda madafarsa ƙarama ce fa

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, don madafar da faɗinta bai wuce ƙafa 6 ba in ka cire ƙafa 3 a baya ina mai girki za ta tsuguna? A nan ne garkuwa mai iska take da rana, ta dawo maka da ƙafa 2 cur, da kuɗin faifan ƙarfe ɗaya da guntayen fayif da aikin awa guda. In gefe ɗaya na madafar ginin ƙasa ne sauran zana, a kai murhun ɓangaren ginin. In duka zana ce, a ta da ɗan bangon tubali tsayin ƙirji a tsaye da ƙafarsa, a bar rata tsakaninsa da zanar kar su haɗu, ƙasa dai ba saya ake yi ba. In duk ba hali, a fitar da murhun tsakar gida a yi masa rumfar kwano a kan turakun ƙarfe.

Bayan an gama kafawa a hura wuta irin wadda aka saba, ta yi awa ɗaya ko biyu tana ci, sannan a zura hannu a dafa ainihin bangon da ke bayan garkuwar, a dafa raftar da ta fi kusa da bututu, a zagaya a dafa bayan bangon ta waje. In hannu zai iya zama a wurin ba tare da an janye ba, da dama. In sai an yi saurin ɗaukewa, a ƙara ja ko a gyara garkuwar.

A gidan Kawu haka muka yi. Muka canza falankin da ya ci, aka ɗaga faifan ƙarfe a kan guntayen fayif shida, murhun ya matso gaba har ya wuce inci 12 ɗin da kaɗan. Inna ta yi kwana biyu tana mita wai an cinye mata wurin ajiye tulu. Da na koma da sallah na tarar ta jera murafan tukwane a saman garkuwar sun rufe ratar ruf, sai da na sake kwashe su na kafa mata ƙusa uku a ɗaya bangon.